Daminar da Muka Faɗi Ciwon Bilki

Ku 'ya'yan Bilki nake wa wannan rubutu, musamman ke Asma'u mai bakin tsiwa, da kika dawo daga bikin dangin kakanku kina kumbure-kumbure, wai an ce miki kakarki ce ta tsaya gaban matan Agege ta tona wa uwarki asiri har aurenta ya lalace. An gaya miki gaskiya, amma rabinta. Ni na tsaya, ni na yi magana, kuma auren ya lalace. Ɗaya rabin na fi shekara ashirin ina riƙe da shi. Yanzu Malam, kakanku, ya riga mu gidan gaskiya, uwarku kuma ta ce in faɗa, to ga shi nan.

Kun taso kun same ni ina wankan gawa, don haka ba ku ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kuwa ba da wasa na shige shi ba. Wata tsohuwa ce, Gwaggo Dije, ta koya mini, lokacin da ƙarfinta ya fara ƙarewa kuma babu mace a unguwarmu da ke son karɓa. Ranar da na fara riƙe mata buta, kafin mu shiga ɗakin, ta kama kunnena kamar wata yarinya, alhali ina da 'ya'ya huɗu.

"Asabe, abin da idonki ya gani a jikin mamaci, tare da shi za a binne. Ko mijinki kada ya ji."

Na riƙe wannan magana, kuma har yau ina riƙe da ita. Shi ya sa ba za ku ga sunan kowace gawa a nan ba, kada ma ku tambaye ni.

Muna zaune a lokacin a wani gidan haya kusa da layin dogo, ɗakuna suna kallon juna, Hausawa da Yarabawa a cakuɗe, rijiya ɗaya, bayi biyu. Namu ɗakuna biyu ne a can ƙarshe. Malam yana sana'ar goro, kullum ɗakinmu warin ganyen fita na naɗe goro yake. Bilki ce autarmu. Tana shekara tara farfaɗiya ta fara kama ta, kuma Allah ya taimake mu ciwon da sassafe ya fi zuwa mata, tana kan tabarma, kafin a buɗe ƙofa. Ku 'yan yanzu ba ku san yadda ake kallon wannan ciwo a da ba. In mutum ya faɗi a hanya, gudu ake yi, wai in yawunsa ya taɓa ka ka ɗauka. Ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, ba a neman aure a gidansu. Muka sha rubutu da hayaƙi har muka gaji, sannan aka dace da wasu ƙananan ƙwayoyi farare daga asibiti, ɗaya kullum, ciwon ya lafa sai sau ɗaya ko biyu a shekara. Don kada a gan ni, motar haya ta danfo nake shiga in tafi har unguwar Mushin in karɓo, in ɓoye cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Shekara goma muna haka, ko maƙwabciyar da muke haɗa bango ba ta sani ba. Bilki ta girma, ta iya ɗinki, har wani Lawal, ɗan dillalin shanu, ya fito, aka kawo kayan sa rana.

Damina ta biyu bayan soja sun koma bariki, ana ta murnar farar hula, sai ruwa ya yi yawa, kwatoci suka cika suka shiga rijiyoyi, amai da gudawa ya shigo mana. A rediyo suna cewa kwalara ce, kuma ba mu kaɗai ba ne, ta daɗe tana yawo ƙasa-ƙasa. Aka kafa rumfuna a harabar wani ƙaramin asibiti, aka jera gadaje da tabarmi, ana yi wa mutane ƙarin ruwa. Ma'aikatan lafiya suka kira ni suka ba ni safar hannu da ruwan bilic, suka nuna mini yadda zan yi wanka ba tare da na kwaso wa gidana ba. Akwai ranar da na wanke mata uku tsakanin hantsi da la'asar. Na san gawar kwalara ko daga bakin ƙofa: ido ya faɗa, kumatu sun shige, yatsu sun yamutse kamar na wadda ta yini tana wanki.

Sai aka kira ni wani gida, aka ce kwalara ce. Na duba na ga jikin matar bai bushe ba, ga alamar allurar ƙarin ruwa a hannunta, da gani ta fara samun sauƙi. Mai wanka tana naɗe tsumma a yatsa ta goge wa mamaci baki lokacin alwala. Da na goge, sai na ga gefen harshenta a tattaune. A damtsenta kuma ga wani tsohon tabon ƙuna. Na san wannan harshe, na sha goge irinsa a ɗakina. Na gama aikina. Bayan kwana biyar na sake ganin haka a wani gida can bayan kasuwa. Ta ukun budurwa ce, sa'ar Bilki, kuma uwarta mun yi shekaru muna gaisawa. Ita ce ta riƙe mini buta. Da na ɗago kai muka haɗa ido, na kasa daurewa.

"Hajiya, yarinyar nan tana shan ƙwaya kullum?"

Ta ajiye butar. "Ke ma kin gani ko?"

"Na gani."

"Kwana uku ba ta sha ba. Duk abin da ya shiga sai ya dawo. Gudawar ma ta tsaya, Asabe, har ta sha koko. Sai na ga idonta ya fara juyawa a rumfar, na lulluɓe ta da zane na ce a sallame mu. Muna zuwa gida ta fara, ta yi ta yi, wani na bin wani, tun azahar har la'asar ta wuce."

"Ba ki gaya wa nas ba?"

"A gaban mutanen unguwa duka? Ƙannenta mata uku ba su yi aure ba."

Ban ga laifinta ba, don da ni ce, abin da zan yi ke nan. Wannan shi ya fi tsorata ni.

Washegari na tafi rumfar na nemi Sista Bola, babbar nas ɗin wurin. Bayarabiya ce amma a Agege aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunku. Na ja ta gefe na tambaye ta, kamar ina tambaya don wata, abin da ke samun mai shan ƙwayar farfaɗiya in ya yi kwanaki bai sha ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara tsayuwa.

"Mama, wannan ƙwayar ba a yanke ta lokaci ɗaya. In an yanke, ciwon yana dawowa da ƙarfin da bai taɓa yi ba, wani lokaci ba ya tsayawa sai da rai. Muna da allura, ba yawa, amma akwai. In na san mutum yana da shi, zan sa masa ido, in yi masa kafin abin ya yi nisa. Amma mutanenku ba sa faɗa. Ina tambaya su ce lafiya lau. Sai in juya in ga gado babu kowa, an gudu da mara lafiya. Shin zan bi su gida-gida ne?"

Na dawo ina tafe ina lissafi a raina. Masu kwalara da suka kai rumfar da wuri, yawancinsu suna tashi. Amma masu irin ciwon Bilki, uku na sani sun shiga, uku na wanke. Ban da maza, waɗanda ba ni ke wanke su ba. Kwalara ta sake su, kunya ta ƙarasa su. Kuma ban san gidaje nawa ne a Agege ke da gwangwanin madara a ƙarƙashin gado irin nawa ba. Dole wani ya faɗa musu. To da wane baki? In na ce na gani a jikin gawa, na ci amanar matattu, kowa kuma zai ƙirga gidajen da na shiga ya gane. In Sista ta faɗa, ai ta sha faɗin haka, ana cewa to, a watse. Asiri ɗaya ne kawai nake da iko da shi a duniya, shi ne na ɗakina.

Na sami Malam da rana yana zaɓen goro, yana ware masu tsutsa. Na gaya masa abin da zan iya gaya masa. Bai ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Kina da hankali kuwa? Saura wata biyu biki."

"Malam, mutane suna mutuwa."

"Allah ya ji ƙansu. Ni 'yata aka ba ni kiwo, ba Agege ba. In ta kwanta, Allah ya kiyaye, sai ki raɗa wa Sistar taki a kunne. Shekara goma muna rufe abin nan, rana ɗaya ki yaye? Ban yarda ba, kuma kada in sake ji."

Kada ku ga baƙinsa. Kakanku mutum ne da bai taɓa cin tsire bai rage wa Bilki ba. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma tsoron nan nawa ne ni ma. Na ce to, na bar maganar, har ga Allah na bar ta.

Ashe Bilki tana ɗaki na biyu a kan keken ɗinkinta, ta ji komai. Da Malam ya fita sallar la'asar sai ta kira ni. Ba ta daina taka keken ba, ina jin don kada maƙwabta su ji.

"Inna, wadda kika wanke shekaranjiya, irin nawa ne da ita?"

"Ba a tambayata wannan."

"To na ji. Tare muka yi Islamiyya da ita. Da na sani, da ta sani, da ko hira mun yi." Ta cire ƙafa daga keken. "Ki faɗa ranar Asabar, a taron mata na Islamiyya. Ki kira sunana."

"Lawal fa?"

"In ya tsaya, ya tsaya. Dama kullum ina tunanin ranar da zan faɗi a ɗakinsa, uwarsa ta shigo. Na gaji, Inna. Abu ɗaya kawai, kada Baba ya san ni na ce. Ba zan iya ɗaukar fushinsa ba. Ke kin saba."

Kun ji 'yar banza, wai ni na saba. Na yi dariya, na yi kuka, duk a zama ɗaya. Wannan shi ne rabin da ba a gaya miki ba, Asma'u. Uwarki ce ta yanke, tana da shekara goma sha tara, ni dai aron bakina ta yi.

Ranar Asabar matan unguwa suka cika makarantar Islamiyya, don an ce Sista Bola za ta zo ta nuna haɗin gishiri da sukari. Ta nuna, ta yi maganar tafasa ruwa, sannan ta ce duk mai wani da ke shan magani kullum ya faɗa in an kawo shi rumfa. Kowa na kallon tabarma. Na miƙe. Na ce sunana Asabe, kowa ya san ni. Na ce 'yata Bilki mai ɗinki tana da farfaɗiya shekara goma. Na ce kwano ɗaya muke ci, na goge yawunta da hannuna sau ba adadi, ga ni tsaye ban ɗauka ba. Na ce wa Sista ta maimaita abin da ta gaya mini game da ƙwayar, ta maimaita. Wadda ke kusa da ni ta janye mayafinta a hankali. Aka yi addu'a aka tashi.

Kafin magariba labari ya kai kasuwar goro. Bayan kwana biyu dangin Lawal suka aiko a mayar musu da kayansu. Mata suka zo suka karɓe atamfofinsu daga wurin Bilki, wasu ba a ko yanka ba. A gidanmu aka ware mana guga a bakin rijiya. Malam bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, in na ajiye abinci ya ci ya tashi. Na ji zafin wannan fiye da komai, kuma sau da yawa maganar ta zo mini har baki, in ce ba ni kaɗai ba ce, sai in tuna alkawari in haɗiye. Bilki kuwa ta yi kukan Lawal, kada ta ce muku ba ta yi ba.

Ana nan sai wata mata ta yi sallama da tsakar rana, da ɗan ƙyalle a hannu wai a ɗinka mata ɗankwali. Wa ke ɗinka ɗankwali? Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce ƙaninta ne ke da ciwon. Washegari wata ta zo, tata 'ya ce. Wata mijinta. Har da wadda ta janye mayafi. Ba zan gaya muku yawansu ba, amma yatsun hannu biyu ba su isa ba, a 'yan layukan nan namu kawai. Yawancinsu ba za su iya buɗe baki a rumfa ba, mun sani. Sai Bilki ta kawo dabara. Ta riƙa ɗinka 'yar jaka da igiya, kamar laya, Sista Bola tana rubuta sunan ƙwayar a takarda a sa a ciki. Wa zai tambayi mutum don ya rataya laya? Sista ta gaya wa ma'aikatanta, duk wanda aka kawo da jaka mai jan zare a wuya, a buɗe a karanta. Daga nan har ƙarshen annobar na ci gaba da wanke gawar kwalara, amma tattaunannen harshe sau ɗaya kawai na sake gani.

Damina ta kusa ƙarewa, muna cewa mun tsira, sai kwalarar ta faɗo gidanmu. Ina can wani layi ina wanka da hantsi aka zo aka ce Bilki ce, tun bayan fitata take amai. Ba a barin gawa rabin wanka, don haka sai da na gama, na sa likkafani. Ashe Malam ya dawo ɗaukar wani huhun goro ya same ta a ƙasa. Ya fito neman abin hawa, masu okada biyu suka ga ko wace ce suka wuce. Na uku, wani Garba da bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba, ya tsaya, ya taimaka aka ɗora ta a tsakiya, Malam ya riƙe ta ta baya. Ku dubi abin haushi: ta ɗinka wa rabin unguwa laya, tata tana cewa sai gobe, sai gobe. Kuma ranar Sista Bola ba ta nan, an tura ta wata rumfa, sai wasu baƙin ma'aikata da aka kawo taimako, ba su san kowa ba.

Na iso ina haki, zanena duk warin bilic. Rumfar ta cika maƙil, har da abokan Malam na kasuwa da suka kawo nasu. Tun daga bakin ƙofa na ji wata murya da ban taɓa jin ta da wannan ƙarfi ba. Malam ne, hularsa ta faɗi, ya riƙe hannun rigar wani ma'aikaci, ɗaya hannun kuma ya ɗaga gwangwanin madarar nan sama.

"Oga, tsaya ka ji! 'Yata ce, farfaɗiya gare ta! Ga maganinta, yau ta amayar da shi. Akwai allura, an ce akwai allura. Farfaɗiya na ce, ka ji ko?"

Kowa ya juyo. Shi ko a jikinsa. Sai da ma'aikacin ya karɓi gwangwanin ya rubuta a katinta ya sake shi. Da ya juyo ya gan ni, ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya ce, "Asabe, kin ci abinci kuwa?" Maganar farko ke nan da ya yi mini cikin sati shida wadda ba gaisuwa ba.

A rana ta biyu ciwon ya zo mata a kan gadon rumfa, da ƙarfi, a gaban kowa. Ban lulluɓe ta ba. Na juya ta gefe na ƙwala kira, aka zo da allura a guje, abin ya tsaya. Wata tsohuwa a gadon kusa ta miƙo mini tsumma in goge mata baki. Kwana biyar muka yi, muka dawo gida da ƙafafunta.

Sauran kun sani, ko kuna iya ganewa. Garba mai okada ya zo duba ta, ya sake zuwa, ya sake zuwa, har Malam ya tambaye shi ko a gidan nan ya ajiye wani abu. Shi ne ubanku, mai tumbin nan da yanzu ko keke ba zai iya hawa ba. Ya taɓa gaya mini yayarsa mai farfaɗiya ta faɗa wuta a ƙauye mutane suna tsaye suna kallo, shi ya sa bai iya wucewa ba. Dangin kakanku kuwa, da ba su zauna a Agege ba, labarin auren da ya lalace kawai ya kai musu, shi suke ta juyawa har yau.

Malam ya rasu bai ji daga bakina cewa shawarar Bilki ba ce. Amma a ciwonsa na ƙarshe, wata rana tana ba shi kunu, ya dube ta ya ce, "Ke dai kin fi uwarki taurin kai, ita ce dai ta fi ki baki." Bilki ta kalle ni, na kalli bango.

Don haka, Asma'u, in an sake tare ki da wannan magana a gidan biki, kada ki kumbura, kada ki yi faɗa. Ki ce haka ne, an faɗa a gaban jama'a. Sannan ki je ki buɗe akwatin kekenta, ƙarƙashin zarurruka, za ki ga 'yar jaka mai jan zare. Tata ce. Sai bayan mun dawo daga rumfa ta zauna ta ɗinka, kuma ba ta taɓa rataya ta ba, don zuwa lokacin babu wanda ya rage a Agege da za a ɓoye wa.